Gambun bayan mota ya cije: a ajiye guduma, a nemi dalili

Duk mai bin kasuwannin mako ya san wanga abu. Mota ta iso bakin kasuwa da hantsi, masu saye sun fara kewayawa, ƴan dako sun jeru suna jira, sai gambun baya ya ce bai san zance ba. Aparanti ya ja, ya girgiza, ya sa kafaɗa. Direba ya sauko da ƙarfen cire taya. Kafin a buɗe, mai tumatir na kallo wadda ta zo a wata mota ta baza kayanta har ta yi cinikin fari. Ko ranar Lahadi ce a Baleyara ko Mirya, ko Litinin da Juma'a a Maraɗi, ko Alhamis a kasuwar Dole ta Damagaram, rabin awa na safe ya fi awa biyu na la'asar daraja ga mai neman kuɗi.

Da yawa cikin ƴan kasuwa ba su da motar kansu, haya suke ɗauka ko su biya kuɗin buhu. Amma kayan da ke bayan gambun nasu ne, kuma yatsun da gambu ke datsewa sau da yawa na mai kaya ne ko na ɗan da ta goyo. Shi ya sa ya kamata Alhaji mai mota da Hajiya mai kaya kowa ya san abin da ke sa gambu ya cije, da yadda ake gyara shi tun gyaran bai taka kara ya karya ba.

Gambu iri uku

Na farko shi ne na motocin da bayansu ke buɗe: Hilux, da Toyota ta fara yi tun 1968, da Land Cruiser ƴan gidan 70 da suka fito a 1984, da tsoffin bashe na Peugeot 404 da 504, waɗanda har yanzu wasu ke cin kasuwar ƙauye. Wanga gambu ƙasa yake sauka. Ƙarfen da yake juyawa a kansa, wanda wasu ke kira hinji, masu garaji kuma su ce sharniyar, yana daga ƙasa, daidai inda duk ruwa da dattin da ke cikin mota ke gangarowa. Sarƙa ko waya ko ƙarfe mai gwiwa ke riƙe shi idan an sauke.

Na biyu shi ne mai buɗewa gefe kamar ƙyauren ɗaki, irin na Land Rover da Prado da Pajero da doguwar Land Cruiser ta ɗaukar mutane. Yawanci a jikinsa ake rataya tayar sukur, wato safaya.

Na uku shi ne mai ɗagawa sama, irin na Hiace da rabin gambun sama na manyan kat-kat. Sandunan iska biyu ke tallabe shi.

Kowane da irin cutarsa, amma abokan gabansu ɗaya ne: ƙura, tsatsa, nauyi da gargadar hanya.

Abin da ke cin gambu

Idan mota na gudu, iska na yin guguwa a bayanta, ta kwaso ƙurar da tayoyi suka tayar ta manna ta ga gambu. Wannan ne ya sa bayan mota ya fi gabanta datti ga wanda ya fito hanyar Dakwaro ko ta Buza ko ta Tanut. Ƙurar nan ba gari ba ce kawai, akwai ƙwayar rairayi a ciki, kuma ƙwayar rairayi ta fi ƙarfen hinji tauri. In ta haɗu da tsohon giris sai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa: duk buɗewa da rufewa tana cin ƙarfe, daga baya kuma ta bushe ta daskare kamar laka. Saboda haka wanda ya lafta sabon giris bisa tsohon datti bai yi magani ba, ya ƙara wa cuta abinci ne.

Tsatsa kuma, mutane na ɗauka sai ƙasar da ake ruwa kullum. To a ƙasarmu kayan da ake ɗauka su ke kawo ta. Gishiri, ko na Bilma ne ko na Foga ko na buhu, yana jan damshi yana gaggauta tsatsa. Takin zamani haka yake. Fitsarin awaki da tumaki, da ruwan ƙanƙarar kifi, duk baya suke gangarawa su kwanta cikin hinji. Ita kanwa wanke giris take yi kamar sabulu, ta bar ƙarfe tsirara. Abin da ya kamata a sani shi ne tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri. Tana kumbura cikin ramin hinji har ta shaƙe ƙusar da ke tsakiya, gambu ya koma sai an danna da ƙarfi.

Masu Land Rover su ƙara lura. Fatar gambunta alminiyom ce, irin ƙarfen tukwanen nan, an naɗe ta bisa ƙashi na baƙin ƙarfe. Inda ƙarafan biyu suka haɗu, in ruwan gishiri ya shiga, alminiyom ɗin ke ruɓewa ya zama farin gari, kuma kanwa na cinsa kai tsaye. Tun da aka daina ƙera tsohuwar Defender a 2016, mai irin wagga mota ya fi kowa bukatar tattalin gambun da yake da shi.

Sai nauyi. Tayar babbar kat-kat da ƙarfenta ta haura kilo 30. Aka ƙara ɗaura mata bido mai litar 25 na ruwa, an ƙara kilo 25 ke nan, duk a rataye bisa hinji biyu ko uku, mota kuma na bin gargada wuni guda. A hankali gambu ke sunkuyawa, bakin makulli ya daina dacewa da ƙarfen da yake cafkewa a jikin mota, wanda za mu kira makama. Gambu mai sauka ƙasa shi ma haka: buhun gero mai tiya 40, kilo 100 ke nan, in ana jefa shi bisa buɗaɗɗen gambu kowace kasuwa, tsakiyarsa na lotsawa, kunnuwansa su karkace.

In ya cije ana tsakiyar kasuwa

Sau da yawa makulli lafiyarsa lau, kaya ne suka zame a hanya suka jingina da gambu daga ciki. Harshen makulli na ɗauke da nauyin buhunan, shi ya sa mariƙi ya ƙi motsi. Wanda ya ja da ƙarfin tsiya, mariƙin zai karya ko ya tsinke sandar da ke ciki. Dabara ita ce mutum biyu su tura gambu ciki da ƙarfi, na uku ya ja mariƙi. Amma kafin nan a rage kayan da ke kusa da gambu ta sama ko ta ƙofar gefe, kuma kowa ya kauce daga bayan mota, musamman yara da masu talla, domin gambun da kaya ke turawa fizgowa yake yi in ya saki, buhuna na biye.

Haka in motar ta tsaya taya ɗaya a tudu ɗaya a kwari, jikinta na ɗan murɗewa, gambu ya matse. A gusa ta wuri mai daidai a sake gwadawa kafin a ɗauko ƙarfe.

A gano cutar tukuna

Ranar da ba kasuwa, a sauke kaya kaf, a tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, a yi gwaji uku da ba sa bukatar ko dala.

Na ɗaya, a buɗe gambu a yi ta kai shi da kawo shi ba tare da an rufe ba. In yana da tauri duk tsawon tafiyarsa, ko yana kuka, to hinji ne.

Na biyu, gambu na buɗe, a sa turnabis a tura harshen makulli kamar an rufe, sannan a ja mariƙi. In ya yi tauri a nan, cutar na cikin makulli ko sandunan da ke haɗa shi da mariƙi. In kuwa ya saki sumul yana buɗe amma ya cije in an rufe, to makulli da makama ne ba su dace ba. A tabbata an saki harshen kafin a mayar da gambu, in ba haka ba za a buga shi bisa makama a lanƙwasa.

Na uku, ga gambu mai buɗewa gefe, a buɗe shi rabi, a kama bakinsa a ɗaga sama. In ya ɗaga ya yi ƙwas, ƙusar hinji ta ci ko ramin ya buɗe. A duba kuma inda fenti ya goge ƙarfe ke ƙyalli a jikin makama da gefen gambu: nan ne yake gogawa.

Wanki kafin mai

In hinji ne, aikin farko wanki ne. Ruwa da omo da tsohon buroshin haƙori sun isa, inda tsatsa ta yi kauri a sa buroshin ƙarfe. A bari ya bushe a rana, ko a je wurin mai facin taya ya hure shi da iska. Sannan a ɗiga gazuwal ko kalanzir a bakin ƙusar, ko a fesa man gwangwanin nan irin WD-40. Kada a yi gaggawa. A bar shi ya kwana in da hali, da safe a yi ta kai gambu da kawo shi sau ashirin ko talatin. Za a ga jan ruwa na fitowa. A goge da tsumma, a ƙara ɗigawa, har sai abin da ke fita ya yi haske.

Nan ne mutane da yawa ke tsayawa, kuma nan ne kuskure yake. Gazuwal da man fesawa wanke tsatsa suke yi, ba su daɗewa a wurin. Bayan ƴan kwanaki sun bushe. Sai an bi su da sabon man inji ɗigo biyu ko uku, ko giris kaɗan a tura shi ciki da yatsa. Duk wanda ya yi saura a waje a goge shi tas, domin man da ke waje tarkon ƙura ne.

In duk da haka bai saki ba, sai a fitar da ƙusar. Wanga aiki na mutum biyu ne ko uku, kuma a fara cire tayar sukur, a tallabe gambu da katako. A buga ƙusar da ƙaramin ƙarfe daidai kaurinta, a goge ta da samfefa, a share ramin, a shafa giris a mayar. In ƙusar ta yi wuya kamar tsohuwar taɓarya, ta gama aiki, a sake ta. Wasu hinji na da ƴan zobba a ciki waɗanda aka yi don su ci a madadin hinjin. Ana sayen su, mai injin sassaƙa ƙarfe ma na iya yin su. Abin da bai kamata ba shi ne a cusa ƙusar kafinta ko guntun rodi. Tun da ba daidai ramin suke ba, rawa za su dinga yi har su faɗaɗa shi, a koma sayen hinji gaba ɗaya.

Makulli da makama

In makulli ne, a kwance marfin cikin gambu. Za a tarar da ƴan sanduna siriri da suka tashi daga mariƙi zuwa makulli, ƴan robobi na riƙe da kawunansu. Zafin ƙasarmu na gasa robobin nan su karye, sanda ta zame ko ta lanƙwashe. A wanke makulli kamar yadda aka wanke hinji, a sa mai kaɗan inda ƙarfe ke gogar ƙarfe, a sake robar da ta karye. Ga gambu mai makulli biyu, dama da hagu, a tabbata suna saki lokaci guda. In ɗaya na riga ɗaya, a daidaita tsawon sandar. Ramin ɗan makulli kuwa ba ya son mai ko kaɗan. A kankare bakin fensir a hura garin ciki, ko a goga shi a jikin ɗan makullin.

In rashin dacewa ne, a fara duba hinji, domin wanda ya gusa makama alhali gambu na sunkuye ya ɓoye cuta ne kawai. In hinji lafiya, a zagaye makama da alli ko biro don a san inda take, a sassauta notinta kaɗan ba tare da an cire ba, a gusa ta milimeta ɗaya ko biyu, a ɗaure, a gwada. Motocin Toyota yawanci kile 10 da 12 da 14 ke kwance notinsu, ko da yake wasu makamai na son turnabis mai kan tauraro. Gambun da ya daidaita da tafin hannu ake rufe shi. In sai an ja da baya an bugo shi, da sauran aiki.

Robar da ta kewaye bakin gambu ita ma na manne wa fenti lokacin zafi. A wanke ta da sabulu, a shafa hoda ko man silikon. Man inji da giris kumbura ta suke yi.

Sandunan iska kuma ba a gyara su, sakewa ake. Cike suke da iskar azot da aka matse ƙwarai, don haka kada a huda su, kada a kai su kusa da wuta, kada a kama sandar mai ƙyalli da filaya, domin ƙarzuwa ɗaya ta isa iskar ta tsere. A sake su biyu tare, a duba lambar da ke rubuce a jikin tsohuwar, mai harafin N a ƙarshe, ita ke nuna ƙarfinta. Icen da ake tokare gambu da shi ya sha faɗuwa bisa kan mai sauke kaya.

Abubuwan da ba a sawa

Man gyaɗa da manja da man kaɗe na sa gambu ya yi laushi yau, amma iska da zafi na mayar da su danƙo, bayan wata guda ya fi da cijewa. Man birki, da wasu ke ɗigawa don kwance tsatsa, yana cin fenti kuma yana jan ruwa. Baƙin man da aka juye daga inji cike yake da datti, ga shi yana ɓata atamfa da buhun gari. Ruwan batir kuwa ƙarfen kansa yake ci.

Wuta ita ce mafi haɗari. Gaskiya ne zafi na kwance ƙusar da ta ƙi fita, amma wannan aikin mai walda ne, bayan an kwance hinjin ko an tabbata babu bidon esansi a cikin mota, an kuma san inda bakin tanki da wayoyin fitila suke. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Masu sayar da abinci su lura da wani abu: warin gazuwal na kama gari da kilishi da ƙuli-ƙuli da cuku, kuma mai saye da hanci yake fara ciniki. A yi wankin hinji ranar da mota ba ta da lodi, a goge, a bar ta ta sha iska.

Rabon mai kaya

Ba duka laifin direba ba ne. Wajen lodi, a kai buhuna masu nauyi gaba, kusa da kan mota, a bar tazarar tafin hannu tsakanin kaya da gambu, in da hali a gitta katako. Wadda ta matsa sai an cusa mata ƙarin kwando ɗaya har aka rufe gambu da gwiwa, ita za ta fi kowa jira a bakin kasuwa. Gishiri da kanwa da taki a shimfiɗa musu leda ko tampol. Kada a jefa buhu bisa buɗaɗɗen gambu, kada mutum huɗu su zauna kansa suna hira, kada a rataya bido ko kajin sayarwa a jikin tayar sukur.

Gambun da aka ɗaure da igiya ko tsohon tiyub don ya ƙi rufuwa, a yi masa kallon haɗari. Igiya na tsinkewa a gargada, kaya su zube a hanya, wanda ya jingina ya bi su. A rufaffiyar mota kuma, guguwar nan ta baya na turo hayaƙin salansa ciki ta kafar gambun da bai rufu ba. Cikin hayaƙin akwai iskar guba da ba ta da wari ko launi, tana kawo ciwon kai da jiri da barci, ta fi illa ga jarirai da masu ciki da ke zaune baya. Haka gambun da ba ya buɗuwa sai da ƙarfe: ranar da mota ta kife ko ta kama wuta, ta nan na baya za su fita. Mai biyan kuɗin mota na da haƙƙin ya ce a buɗe a rufe a gabansa kafin a yi lodi.

In za a je garaji

Gyaran gambu hawa-hawa ne: wanki da mai, sai daidaita makama, sai sake ƙusa da zobba, sai sake makulli ko hinji, sai miƙe gambu wurin mai gyaran jikin mota, na ƙarshe sayen wani a Katako ko wurin masu tsoffin kayan mota. Kowane hawa ya fi na bayansa tsada nesa ba kusa ba. Bakaniken da ya fara da hawa na ƙarshe bai ko wanke hinji ba, a tambaye shi dalili. In an sake wani abu, a ce ya nuna tsohon. In za a sayi tsohon gambu ko hinji, a je da na motar a gwada, domin ko mota iri ɗaya ce ramukan noti kan bambanta daga shekara zuwa shekara. Kada kuma a yarda a like hinji da walda inda da noti yake, don an rufe hanyar daidaita shi ke nan har abada.

Abin da ya rage shi ne kiyayewa. Bayan kowace kasuwa a share bayan mota, in an ɗauki gishiri ko taki ko dabbobi a ɗauraye da ruwa. Duk ranar da aka juye man inji a ɗiga wa hinji da makulli nasu rabo, a goge saura. Sau biyu a shekara a yi musu babban wanki: in hunturu ya wuce, da kuma kafin ruwan farko na damina. Aikin bai fi na shan shayi ɗaya ba, kuma aparanti na iya yinsa.

Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa mai albarka.